Tsumman Ƙarƙashin Katifa

"Na waye wannan?"

Baba bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da na fi samun sauƙi. Yana tsaye a bakin ƙofar ɗakinmu da kayan aikin masaƙa a jikinsa, ko takalmi bai cire ba, kwalin maganina a tafin hannunsa. A bayansa Maman Shekari ce ta riƙe ƙugu, matan gidan hayarmu kuma kowacce ta samo wa kanta aiki a tsakar gida.

"Hephzibah, da ke nake."

"Nawa ne, Baba..."

"Maganin mene ne?"

Na sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni har ina jin kunnuwana suna zafi.

"Ai ba sai ta faɗa ba, Baban Zibah," in ji Maman Shekari. "Takardar da ke cikin kwalin ta faɗa, har da zane. Irin ciwon nan kowa ya san inda ake ɗauko shi. An gan su a asibiti ita da ɗana. Ni dai abin da ya kawo ni, a raba ta da yarona."

Baba ya dube ni ya daɗe.

"Shi ne?"

Na girgiza kai.

"To waye?"

Na kawar da kai. Ya ajiye kwalin a kan tebur a hankali, ya zauna bakin gado ya fara kwance igiyar takalminsa.

Wannan a watan Mayu ne na shekarar 1999, saura kwana biyar sojoji su miƙa mulki. Ina da shekara sha takwas, ina ajin ƙarshe a sakandare, muna zaune a Kakuri ni da Baba a ciki da falo. Mama ta rasu ina da sha ɗaya. Baba ya koya mini dafa tuwo, ya koya mini guga, har kitso ya gwada sau ɗaya, unguwa ta yi mako tana dariya. Abu ɗaya ne bai koya mini ba, shi ma ban ga laifinsa ba.

Ranar da na fara ganin al'ada na yi kuka a banɗaki na ɗauka mutuwa zan yi. 'Yan ajinmu ne suka zama malamaina, su da ba su fi ni sani ba. Suka ce in samu tsumma in yi ƙunzugu. Suka ce kada namiji ya kuskura ya gani. Suka ce idan na shanya a igiya wani ya sace, zai kai wa boka a ɗaure mini mahaifa, ba ni ba haihuwa har abada.

Tsumma ba ya mini wuya. Baba yakan dawo da yankakkun atamfa daga masaƙa, na ce masa ɗinki nake koya. Shanya ce matsalar. Igiya ɗaya ce a gidanmu, gida tara ke amfani da ita, rabinta wandunan maza. Sai in wanke a ɓoye, in matse, in tura ƙarƙashin katifa. Wani lokacin ko bushewa bai yi ba nake ɗaukowa. Shekara huɗu ina haka, ina ganin ni ce mai wayon Kakuri.

Shekari kuwa mai kiɗan jita ne a ƙungiyar mawaƙan cocinmu, ya girme ni da shekara ɗaya, ya gama makaranta yana jiran sakamakon shiga jami'a. Dogo ne siriri, idan ya yi dariya har kafaɗunsa sai sun yi. Duk soyayyarmu wasiƙa ce a cikin littafin waƙoƙi, da rakiya bayan koyon waƙa zuwa bakin layin dogo, da karan rake ɗaya da muke rabawa. "Zibata" yake ce mini. Hannuna sau ɗaya ya taɓa riƙewa, muna tsallaka titi, shi ma muna kaiwa ya saki kamar ya taɓa murfin tukunya.

Da damina ta faɗi a shekarar sai ciwo ya kama ni. Ƙaiƙayi, zafin fitsari, ciwon mara. Na yi mako biyu ina cijewa. Wata Alhamis muna tsakar rakiya zazzaɓi ya durƙusar da ni, Shekari ya tare acaɓa ya kai ni ƙaramin asibitin unguwarmu, ya zauna a benci a waje. Nas ɗin da ta duba ni Anti Comfort ce, 'yar Zumuntar Mata a cocinmu. Ta yi mini tambayoyi, ina amsawa ina kallon ƙasa. Da muka zo kan zancen katifa sai ta ajiye biro.

"Wayyo yarinya. Ba kowane ciwon mata ake ɗauka wajen namiji ba. Danshi ne ya ja miki. Tsumma rana yake so da sabulu. Wa ya ce ki ɓoye shi?"

Ta ba ni magani, ta ce in dawo bayan mako. Da na fito Shekari ya miƙe.

"Me suka ce?"

"Maleriya," na ce.

Ƙaryar farko ke nan da na yi masa, kuma ta fito sumul.

Christy ce ta tona ni. Ajinmu ɗaya, tare muke tsayawa a sahun gaba na mawaƙa, kuma ta daɗe tana ganin jita da mai jita sun fi dacewa da ita. Ta gan mu a ƙofar asibiti. Ranar Lahadi ta ce in ara mata littafin waƙoƙi, na ce ta ɗauka a jakata. Ta ɗauki littafi, ta haɗa da kwalin maganina. Washegari da safe yana hannun Maman Shekari.

Kafin Laraba magana ta gama Kakuri ta tsallaka unguwar Makera. A famfo, idan na ajiye bokitina sai a janye na kusa da shi. Fasto Matthew ya aiko: dattawa za su zauna ranar Asabar da ƙarfe huɗu. Kowa ya san abin da ke biyo baya. Ranar Lahadi a karanta sunanka a gaban jama'a, a sa ka a horo, ka koma bencin baya. Maman Shekari kuma ta rantse ana karanta sunan ɗanta za ta tura shi ƙauye wajen kawunsa ya yi noma, jami'a ta jira.

Ranar Alhamis na same shi a bayan coci, yana zaune a kan bulo yana gyaran tsirkiyar jita. Ya rame a kwana uku.

"Shekari..."

"Zo ki zauna, Zibata. An riga an gan mu, me ya rage?"

Ban zauna ba.

"Ka gaya musu ba ka yi komai ba."

"Na gaya wa Mama."

"Ta ce me?"

"Ta ce in ba ni ba ne, to wani ne." Ya ci gaba da murɗa tsirkiyar. "Shi ya sa ran Asabar zan ce ni ne."

"Ka haukace?"

"In na ce ni ne, za a ce yara biyu sun yi kuskure. In na ce ba ni ba ne, kin san sunan da za su sa miki. Ba zan iya ji ba."

"Karatunka fa?"

"Gona ma makaranta ce."

Ya so ya yi dariya, kafaɗun suka ƙi. Na tsaya ina kallonsa, gaskiya tana bakina. Kalma goma ce kawai. Amma ta yaya zan dubi saurayin da ke rubuto mini cewa ni furen kwari ce, in ce masa tsumma mai danshi nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa? A lokacin gani nake gara a ce mini 'yar iska da a ce mini ƙazama. Haka wautar take, ba zan gyara mata fuska ba.

"Ba ka tambaye ni ba," na ce a hankali.

"Me?"

"Ko akwai wani."

Ya sunkuyar da kai. Na jira ya ce babu buƙata. Bai ce ba.

Na juya na tafi ina kuka, ina jin haushinsa, alhali na san ni na ba shi dalili.

Ranar Juma'a na koma asibiti. Anti Comfort ta rufe ƙofa, ta ce ta ji komai.

"Anti, don Allah ki je ki gaya musu."

"In gaya musu me?"

"Cewa ba haka ba ne. Amma kada ki faɗi zancen... zancen katifa."

"Sai su ce na rufa wa 'yar marigayiya asiri. Kin san dattawan nan. Za su tambayi dalili, kuma dalilin naki ne, ba ni da ikon buɗe shi a bayan idonki." Ta zuba mini ido. "Zibah, jinin nan da kike jin kunyarsa, ta nan aka haifi Fasto, ta nan aka haifi duk dattawan. Zan zo in zauna kusa da ke. Amma bakin naki ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ba zan iya ba."

"To ki je ki taya yaron mutane ɗaure kaya."

Ranar Asabar tun safe kowace rediyo a gidanmu tana kan zancen rantsar da sabuwar gwamnati. Maza sun jeru a kan benci suna gardamar ko farar hula za su farfaɗo da masaƙu. Baba da ya fi kowa son siyasa bai fito ba. Yana ɗaki yana guge rigarsa ta zuwa coci, ya guge ya sake gugewa. Kwana biyar ke nan bai ce mini komai ba sai "ga kuɗin cefane."

Da ya shiga wanka na ɗaga katifa. Na kwashe su duka na zuba a baƙar leda, na tura cikin jaka. Ban yanke shawarar komai ba. Na dai ɗauka.

A ƙaramin ofishin coci aka zauna. Fasto Matthew da dattawa huɗu a bayan tebur, Baba a gefe ɗaya, Shekari da mamansa a ɗayan. Anti Comfort ta shigo da kayan aikinta ta zauna kusa da ni, ba wanda ya gayyace ta, ba wanda ya iya korarta. An kira Christy ta ba da shaida, ta faɗi nata tana share hawayen da ni ban gani ba.

Fasto ya yi addu'a, sannan ya juya.

"Shekari, ɗana. A gaban Ubangiji, me ke tsakaninka da yarinyar nan?"

Shekari ya miƙe. Bai dube ni ba.

"Baba Fasto, laifin nawa ne. Ni na..."

"Ƙarya yake."

Sai da kowa ya juyo na gane muryata ce.

"Ƙarya yake yi, Baba Fasto. Bai taɓa ni ba. Babu wanda ya taɓa ni."

Wani dattijo ya gyara tabarau. "To ciwon daga sama ya faɗo?"

Na tashi na isa gaban teburin. Na ciro ledar, na kwance, na juye.

Suka zube a kan littafin rajista. Ja, shuɗi, mai ganye, mai tsuntsaye. Warin danshi ya tashi a ɗan ɗakin nan, ni kaina sai da na ji shi kamar yau na fara ji.

"Da waɗannan nake amfani idan ina al'ada," na ce, idona a ƙasa. "Ina jin kunyar shanyawa a igiya. An ce mini in aka sace ba zan haihu ba. A ƙarƙashin katifa nake sa su, ba sa bushewa. Shekara huɗu. Shi ne ya ba ni ciwo. Shekari bai sani ba, maleriya na ce masa."

Dattijo mai tabarau ya dubi silin. Wani ya fara tari. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya.

"Haka ne," in ji Anti Comfort. "Ni na duba ta. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Ba mako da zai wuce ban ga irinta ba, wasu daga gidajen da ke zaune a ɗakin nan. Ba zan kira suna ba. Kowa ya je ya ɗaga katifar gidansa."

Christy ta sunkuyar da kai. Wannan karon hawayen na gaske ne, kuma na san dalili, domin tana cikin waɗanda suka koya mini.

Baba ne ya miƙe. Ya zo gaban tebur ya ɗauki guda ɗaya, mai tsuntsaye, da hannunsa, a gaban dattawa.

"Ni na buga zanen nan," ya ce. "A injina ya fito. Ni nake kawo mata." Muryarsa ta karye. "Ta ce ɗinki take koya. Shekara huɗu ban ga ko hankici ba, ban tambaya ba. Na san lokaci ya yi, na yi kamar ban sani ba, don ina jin nauyi. In akwai wanda za a sa a bencin baya, ga ni."

"Baba..."

"Yi shiru, uwata. Kin yi maganarki, bari in yi tawa."

Ya tattara su ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin ledar, ya ɗaure, ya riƙe a hannunsa.

Fasto ya rufe rajista ya ce babu sunan da za a karanta. Ya ce shi ma yana da 'ya'ya mata uku, daga nan bai ƙara ba. Maman Shekari ta zo ta tsaya a gabana tana murɗa bakin zaninta.

"Ni ma a bayan tulu nake ɓoye nawa ina yarinya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni ya kamata in fara ganewa. Ki yafe mini, 'yata."

Na ce na yafe. Gaskiya sai da na ƙara wata biyu kafin ya kai zuci.

Shekari ne kaɗai ban iya kallo ba. Ina fita na bi ta bayan coci da sauri, ina addu'ar kada ya biyo ni. Ya ji warin. Ya gani da idonsa. Na tabbata daga yau duk sanda ya tuna ni, abin da zai tuna ke nan.

Dogayen ƙafafun nan suka cim mini kafin layin dogo.

"Zibata, tsaya."

"Ka koma."

"Dube ni."

"Ba zan iya ba. Ka ga abin da nake..."

"Na ga yarinyar da ta juye leda a gaban dattawa biyar don kada a kai ni gona." Ya sha gabana. "Ni ne ba zan iya dubanki ba."

Na ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Ran Alhamis kin ce ban tambaye ki ba. Ban tambaya ba don ina tsoron amsar. Na zarge ki, Zibah. Kwana biyar ina lissafa samarin unguwar nan ɗaya-ɗaya, har direban bas ɗin da ke gaishe ki. Na shirya ɗaukar laifin, ina jin kaina jarumi, amma a zuciyata na riga na yanke miki hukunci tare da su. Wannan ya fi tsumma wari."

"Ni na yi maka ƙarya."

"Ke kunya ta sa ki. Ni me ya sa ni?"

Muka tsaya a bakin hanya, 'yan acaɓa suna wucewa ɗauke da tutoci suna busa ƙaho saboda sabuwar gwamnati, mu biyu kowa yana share fuska.

"Har direban bas?" na ce.

"Har shi."

"Mai haƙori uku?"

Kafaɗunsa suka fara rawa. Ni ma dariya ta ƙwace mini a tsakiyar kuka, irin mai ciwo a ƙirji.

"Ka yi mini alkawari," na ce. "Ko mene ne, ka tambaye ni."

"Ke ma ki yi mini. Ko mene ne, ki faɗa."

Shekara bakwai bayan nan aka yi aurenmu a cocin nan, bayan ya gama jami'ar da ya kusa rasawa. Amma ba ranar auren nake yawan tunawa ba.

Washegarin zaman dattawa nake tunawa, Lahadi. Na so in ɓuya a gida, Baba ya ce ƙafata ƙafarsa. Na tsaya a sahun gaba na mawaƙa, na san rabin mutanen da ke gabana sun ji abin da na juye a kan tebur. Fasto ya ɗauki takardar sanarwa. Taron Zumuntar Mata. Gyaran rufin makarantar yara. Addu'a domin sababbin shugabanni. Sannan ya ce daga makon nan Anti Comfort za ta riƙa zama da 'yan mata kowace Asabar, kuma iyaye maza ma akwai tasu ranar, kada wanda ya ce yana da aiki.

Ya naɗe takardar.

Ina jin idanu a kaina, kunya tana nan ba ta je ko'ina ba. Daga bayana Shekari ya buga jita, ya ba ni muryar farko. Ni ce mai ɗaga waƙa a ranar.

Na ɗago kai na ɗaga.